Kirsimeti ko Nowel? Tarihin wani biki da ke wucewa shiru a unguwanninmu

Yau tarihi za mu taɓa, amma bari in fara da abin da ya ja ni gare shi.

Ranar 25 ga Disamba da hantsi ina zaune ƙofar gida ina shan rana, rediyo na gefena ana sharhin kokowar takobi, sai ga ɗiyar maƙwabcina ta fito da gudu. Shekararta huɗu. Sabuwar riga ce jikinta, an yi mata kitso, ƙafa kuwa duk ƙura. Ta ce, "Tonton, Baba ya ce ka zo da wuƙarka."

Na san zancen. Maƙwabcin nan nawa Kirista ne, Bagobiri, mushen lakwal. Shekara shida ke nan katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma kowace shekara ni yake kira in yi musu yanka, don in an dafa, abincin ya shiga kowane gida na layinmu ba tare da wani ya tsaya tambaya ba. Bara ɗan akuya na yanka. Bana zabi biyu.

Da na shiga na tarar da tabarma biyu a tsakar gida, tukunyar shinkafa bisa murhu, uwargida na soya fanke, tsohuwarsa na zaune cikin rana ta rufe ƙafa da bargo. Tun da safe suka je sujada suka dawo. Ba kiɗa, ba taron baƙi, ba fitilun nan masu walƙiya da muke gani a tele. Ƙarƙashin rumfa an ajiye wani kwali, cikinsa shanu da jaki da tumaki na yumɓu, irin waɗanda muka riƙa ginawa muna yara, da ɗan jaririn laka kwance cikin sakaina. Yarinyar da uwarta suka gina su.

Ina wanke hannu sai yarinyar ta ja mini riga. "Tonton, Inna ta ce yau Kirsimeti, Mama ta ce yau Nowel. Wa ya yi ƙarya?"

Gida ya ɗauki dariya. Tsohuwa ta ce, "To ɗan rediyo, sai ka raba gardama." Na ce, "Inna, a ba ni kwana biyu." Ga abin da na tattaro. Sunayen nan biyu kowane da hanyar da ya biyo ya shigo ƙasarmu, kuma in ka bi hanyoyin za ka gane dalilin da ya sa bikin yake wucewa shiru haka.

Hanyar farko: daga kudu

Kalmar Kirsimeti daga Ingilishi take, ta Najeriya ta shigo muna. A Disamban 1893 wasu samari uku suka sauka Ikko, biyu daga Kanada, ɗaya daga Amurka: Walter Gowans, Rowland Bingham da Thomas Kent. Nufinsu su kai wa'azin Kirista cikin ƙasar da Turawan lokacin ke kira Sudan, wato faɗin ƙasar nan da ke ƙarƙashin Sahara, har da ƙasar Hausa. Shekara ba ta zagayo ba biyu suka mutu da ciwo. Bingham ya rage, ya koma gida, ya sake shiri, sai a 1902 ƙungiyarsu ta samu wurin zama a Pategi, bakin kogin Kwara. Ita ce Sudan Interior Mission, wadda kowa ya fi sani da SIM, ko kuma kawai "mishan".

A 1924 suka ƙetaro suka buɗe gida a Damagaram. Ku tuna, lokacin Damagaram ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, sai a 1926 aka maida ita Yamai. Bayan ƴan shekaru suka kafa wani gidan a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, nan kusa da Maraɗi. Daga Tsibirin nan ne dangin maƙwabcina suka fito.

Turawan mishan ɗin nan Ingilishi ne harshensu, amma da Hausa suka yi aiki. Da Hausa suke wa'azi, da Hausa suke waƙa, da Hausa suke koya ma mutane karatun boko. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, shi ne aka riƙa kawowa daga Najeriya ana karantawa a Tsibiri da Damagaram. Kalmomi irin su coci, fasto, mishan da Kirsimeti duk cikin kayan nan suka zo.

Ba su sha da daɗi ba wajen Faransawa. Kwamandojin lokacin kallon ƴan leƙen asirin Ingila suke musu, balle da yaƙin duniya na biyu ya zo, gwamnatin Nijar ta bi ɓangaren Vichy, Kano kuwa na hannun Ingila. Wajen jama'a ma, ƙasa ce da Musulunci ya daɗe da kafuwa, ga kuma Azna riƙe da al'adun kakanninsu. An yi shekaru ana wa'azi a kasuwanni, waɗanda suka karɓa ƴan kaɗan ne.

Inda sunan mishan ya shiga bakin kowa shi ne wajen magani. A 1950 aka buɗe likitar Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, garin albasa. A 1956 aka buɗe ta kutare a Danja, kudu da Maraɗi kan hanyar Ɗan Isa. Wane ne cikinmu ba shi da wani nasa da aka taɓa kai wa Galmi ko Danja? Mafi yawan waɗanda aka yi ma magani can Musulmi ne, da addininsu suka je, da shi suka dawo. Amma a gewayen waɗannan gidaje ne ƙananan jama'o'in Kirista Hausawa suka tsiro: manoma, ƴan ƙodago, marayu, da kutaren da suka warke suka zauna inda aka karɓe su. Da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, ba a jima ba suka kafa ekkilisiyarsu ta ƴan ƙasa, EERN.

To wanda asalinsa ke nan, wane irin biki zai yi? Bikin ƙauye zai yi, na bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauka. Na tambayi tsohuwar maƙwabcina yadda suke yi suna ƴan mata. Ta ce, "Ɗana, mu zane ɗaya ne sabo, in an samu. A yi tuwo, a yanka kaza. Matan zumunta su ɗauko tulu suna bugawa muna waƙa. Yara su yi wasan haihuwar Yesu, har da jakin gaske ake jawowa cikin coci, wata shekara ya ƙi tafiya, sai da aka tura shi." Ta yi dariya har da tari. Na ce, "Inna, kado fa?" Ta ce, "Wane kado? Dabino uku da alawa, ka gode Allah."

Hanya ta biyu: daga bariki

Ita kuwa kalmar Nowel ta Faransanci ce, tare da mulkin mallaka ta zo. Da Faransawa suka kafa bariki suna bukatar masu rubutu, malaman lakwal, ma'aikatan likita da na gidan waya. Da yawa daga Dahomey, wato Benin ta yau, da Togo da Haute-Volta aka kawo su, kuma akasarinsu ƴan Katolika ne. Su da sojoji da Turawan gwamnati su ne suka fara raya daren Nowel a garuruwanmu. A 1931 limaman Katolika suka kafa mishan a Yamai, daga baya suka bazu Damagaram, Dogon Dutsi, Maraɗi da sauran wurare. A 1961 Yamai ta samu bishop nata. A 2001 aka ware Maraɗi ta zama cibiya ta biyu, ta haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, da Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina, a matsayin bishop na farko.

Su ƴan Katolika lakwal suka riƙe da ƙarfi, da Faransanci. Ɗiyan Musulmi da yawa sun yi lakwal mishan, sun fito sun zama manyan ma'aikata, suna sallarsu. A ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya tashi tsakanin Nijar da Dahomey, an kori ma'aikatan Dahomey masu yawa. Amma wasu gidaje sun riga sun yi saiwa a nan, sun yi aure, sun haihu. Uwargidan maƙwabcina jikar irin waɗannan ce. Kakanta gidan waya ya zo yi, ita kuwa Hausa ce bakinta, ba ta taɓa ganin teku ba. A gidansu Nowel ake cewa, a je sujadar dare, a gina ɗan garken nan na yumɓu.

Ta wannan hanya ce sauran kayan bikin suka biyo: tsohon nan mai farin gemu da jar riga, Père Noël, da itacen da ake rataya ma fitilu, da kado cikin takarda mai ƙyalli, da fetin yara da ake yi a wasu ma'aikatu da jardin. Mu da muka yi lakwal mun karanta su cikin littafi, ana muna zancen dusar ƙanƙara alhali hunturu na fasa muna leɓe.

Da na bi asalin kayan nan sai na ga duk daga baya suka zo. Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Annabi Isa, alaihis salam, ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum take, a shekara ta 336, wato sama da shekara 300 bayan haihuwar. Har gobe Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu. Itacen ado al'adar Jamusawa ce. Père Noël ya samo tushe daga wani bishop mai suna Nikola, wanda ya rayu a garin Mira, cikin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, aka san shi da kyauta ga matalauta. Garken dabbobi da jariri kuwa, a Italiya ya yi suna, tun daga 1223 da Faransis na Asisi ya shirya shi da dabbobi masu rai.

In ka cire waɗannan duka, me ya rage? Labarin haihuwa. A Linjilar Luka, matafiya ne suka iso Baitalami, masauki ya cika, aka haifi jariri aka kwantar da shi cikin komin dabbobi, baƙin farko makiyaya ne masu kwana a daji. A Alƙur'ani mai girma, cikin Suratu Maryam, Nana Maryam ita kaɗai ta keɓe wuri mai nisa, naƙuda ta kai ta gindin dabino, Allah Ya ba ta ruwa da ɗanyen dabino. Tsakanin Musulmi da Kirista akwai bambanci babba kan matsayin Annabi Isa, kowa ya san wannan, ni da maƙwabcina ma ba mu ɓoye ma juna ba. Amma a littattafan biyu haihuwa ce ta kaɗaici, ba taro, ba dukiya. Tabarma biyu da zabi biyu ba su yi ma wannan labari kaɗan ba.

Abin da ya ƙara ma bikin shiru

Kiristoci a Nijar ƴan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai mutum ɗaya cikin 100 ba. Duk da haka ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce ga kowa, ma'aikaci Musulmi ma yana kwana gida. Shekaru da dama zaman lafiya ake, har Turawa masu bincike na kawo misali da mu.

Amma tarihi ba a zaɓar mai daɗi kaɗai. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an taɓa gidajen mishan da coci a nan Maraɗi. Sai kuma babbar, wadda har yanzu in an tuna jiki ke sanyi. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari Asabar a Yamai, mutane suka fito nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da wata jarida ta buga a Faransa. Fushin kowane Musulmi ya ji shi a zuciya. Sai dai wutar ta faɗa kan waɗanda ba su zana komai ba. Mutum 10 suka rasa ransu a garuruwan biyu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙona, har da gidan marayu da lakwal. A Damagaram iyalai suka gudu barikin soja. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku.

Maƙwabcina lokacin yana Damagaram, sabon mushe, ko aure bai yi ba. Bai cika son zancen ba. Sau ɗaya ya ba ni labari, muna shan shayi. Ya ce mai gidan da yake haya, wani dattijo Alhaji, shi ya jawo shi ya shigar da shi ɗakin uwargidansa, ya fito ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya zauna da tazbaha. Duk wanda ya zo tambaya sai ya ce, "Nan gidana ne, ba kowa ciki sai iyalina." Kwana biyu ya yi a ɗakin. Ya ce mini, "Malam, waɗanda suka ƙona cocinmu Hausa suke yi, wanda ya ɓoye ni ma Hausa yake yi. Na rasa wanda zan riƙe a zuciya, sai na riƙe Alhaji."

Irin Alhajin nan sun yi yawa a ranakun, ba a dai sa su a labarai ba. Kuma abin da ya yi yana da asali a tarihinmu na Musulmi. Da azabar Ƙuraishawa ta tsananta a Makka, Habasha Manzon Allah ya tura sahabbansa, wajen Najjashi, sarki Kirista. Da aka aiko a maido su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban sarki ya karanta daga Suratu Maryam, labarin haihuwar nan dai, sarki ya ƙi ba da su. Duk ɗan makarantar allo ya ji wannan ƙissa.

Wani abin lura, ita shekarar 2015 da ta fara da wuta, ku tuna yadda ta ƙare a nan. Ranar 18 ga Disamba aka yi Maraɗi Kwalliya, gari ya cika da baƙi. Mako na zagayowa Mauludi da Kirsimeti suka zo a jere, yau wannan gobe wancan. Masu zuwa zikiri da masu zuwa sujada suka riƙa gamuwa a hanya ɗaya cikin sanyi ɗaya.

Tun daga lokacin, in ji maƙwabcina, sun rage fitar dare, sun fi son a yi sujada da wuri kowa ya koma gida. Ga kuma tsadar rayuwa. Tun takunkumin CEDEAO na 2023 da rufe iyakar Benin, kowa ya san yadda buhun shinkafa ya yi. Abin da ya maida ragon layyar wasu ya koma ɗan akuya, shi ya maida akuyar maƙwabcina zabi. Kasuwa ba ta tambayar addininka.

Kwano

Bayan azahar aka fara rabo. Aikin yarinyar ke nan bana, karo na farko. Uwar ta zuba shinkafa da ɗan nama a kwano, ta rufe da faifai, yarinya ta ɗauka da hannu biyu tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, uban na biye da ita daga nesa. Gida bakwai a layinmu. Zabi biyu a gida bakwai, ku yi lissafi, kowa tsoka ɗaya ce. Amma ta shiga ko'ina.

Gida shida suka karɓa. Na bakwai, wani sabon ɗan haya, ya yi godiya ya ce a maida. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Yarinyar ta dawo da kwanon ta tsaya gaban ubanta, ido ya cika da ƙwalla. "Baba, ba su so." Ya durƙusa ya karɓa ya ce, "Sun ƙoshi ne, Mamana. Kai ma almajiran can." Ta juya da gudu, ta manta da kukan.

Ni ba malami ba ne, ba fatawa na zo bayarwa ba. Zancen abin da ya halatta a faɗa ko a ci ranar bikin wani addini, malamai na nan, kowa ya tambayi wanda ya yarda da shi. Abin da na sani, mu Hausawa muna da wata doka da ba a rubuta ba: kwanon maƙwabci ba ya komawa wofi. Ranar layya cinyar ragona ta farko gidan nan take shiga. Ranar da matata ta haihu da dare ina wurin aiki, uwargidan nan ce ta kai ta likita. Da ruwa ya ci katangarmu, tare muka kwaɓa ƙasa. Ita yarinyar nan da ɗana ba su san wani tarihi ba, sun dai san in an yi fanke a gida ɗaya, gida biyu ke ci. Abin da za su sani nan da shekara 20, mu ne za mu koya musu, da abin da muka yi da kwanon da suka kawo.

Namu kwanon matata ta wanke ta cika shi da dabino da gyaɗa, ni na maida da kaina. Na tarar yarinyar ta yi barci bisa cinyar kakarta, sabuwar rigar duk miya, jakin yumɓu a hannunta, ƙafa ɗaya ta karye.

Jiya na cika alkawari. Na kira ta na ce, "Ba wanda ya yi ƙarya. Sunan Inna daga Tsibiri ya zo, na Mama daga bariki, a gidanku suka gamu." Ta dube ni ta ce, "To Tonton, baɗi ma za ka zo da wuƙa?" Na ce in Allah Ya kai mu.

Dattawanmu na Tsibiri, Danja, Galmi, Dogon Dutsi da Damagaram, Musulmi da Kirista, ku kuka ga wannan zamani da idonku. Wanda ya tuna yadda ake yi da, ya ba mu labari mu ƙaru, cikin mutunci, ban da zagi. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, Ya bar zumunci tsakanin maƙwabta. Sai mun haɗu a shiri na gaba.